Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Take Karanta Lissafi Daga Rubutu: Darasi Daga Dareta



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin firamare ya san cewa idan malami ya rubuta 2 + 3 × 4 a allo, ya ce yara su kawo amsa, ajin yakan rabu gida biyu. Waɗansu su ce 20, domin sun bi lissafin daga hagu zuwa dama kamar yadda ake karanta boko. Waɗansu su ce 14, domin sun fara ninka 3 da 4 kafin su ƙara 2. Malami yakan raba gardamar da cewa ninkawa tana gaba da tarawa, don haka masu 14 ke da gaskiya. A cikin aji, iyakar hasarar wanda ya kuskure ita ce maki ɗaya. Amma a zamanin nan tambayar ta bar allo, ta koma cikin kwamfutoci da wayoyin hannu waɗanda ake lissafin albashi da haraji da magani da su, kuma babu malamin da ke tsaye a kansu. Abin da aka tsara wa na'ura tun farko shi za ta yi ta maimaitawa, daidai ne ko kuskure, har ranar da wani ya farga.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, take karɓar jimlar lissafi wadda aka rubuta mata, ta warware ta, ta fitar da amsa. Abin da ake nufi da jimlar lissafi shi ne jeren lambobi da alamomi irin su 40 × (1 + 3). Za a nuna cewa aikin yana da matakai uku sanannu, sa'an nan akwai na huɗu wanda aka fi mantawa da shi alhali kuwa ya fi sauran nauyi, watau na'ura ta san lokacin da ya kamata ta ƙi ba da amsa. Domin kada maganar ta tsaya a allo kurum, an ɗauko misalanta daga wani ƙauye na yammacin Jihar Zamfara, inda lamba guda ta taɓa zama iyaka tsakanin yaron da za a ba magani da wanda za a ce ya jira.

Abin da ya faru a Dareta

Dareta ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Anka. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido a kan cutar sanƙarau, suka tarar ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu amfani ba. Da aka auna jininsu sai aka gano gubar dalma ce. Asalin abin shi ne, farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutanen yankin suka duƙufa wajen haƙo duwatsu masu zinariya, ana kawo su gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ba tare da sanin cewa duwatsun cike suke da dalma ba. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki.

A watan Mayu na shekarar, ma'aikatan Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da jami'an lafiya na Nijeriya suka bi gidaje 119 a Dareta da 'Yargalma ta Bukkuyum. Suka samu cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Daga cikin 204 da aka auna jininsu, 198 sun kai ko sun haura ma'auni 45, watau maikirogiram 45 na dalma a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini, wanda shi ne matakin da likitoci ke fara ba da maganin da ke jawo dalma daga jiki. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu a yankin baki ɗaya. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen Dareta da 'Yargalma a 2010 aka zuba mai tsabta, Bagega kuwa ba ta sami nata aikin ba sai 2013.

Abin da ya haɗa wannan labari da batun lacca shi ne wata matsala ta awo. Ƙaramar na'urar gwajin jini da aka kai ƙauyukan, mai suna LeadCare II, ba ta iya auna abin da ya wuce 65. Idan jini ya zarce haka, maimakon lamba sai ta nuna kalmar Turanci mai ma'anar "ya yi sama", kuma jinin mafi yawan yaran ya zarce. Dabarar da aka yi ita ce a gauraya jinin yaron da wani jinin da kusan babu dalma a cikinsa, a auna, sa'an nan a ninka abin da na'urar ta nuna. A ɗauka, don koyarwa kawai, an gauraya kashi 1 na jinin yaro da kashi 3 na jini mai tsabta, na'ura ta nuna 40. Lissafin shi ne 40 × (1 + 3), amsarsa 160, matakin da ke iya kashe yaro. Idan aka manta da baka biyun nan aka rubuta 40 × 1 + 3, amsa 43 za ta fito, ƙasa da 45, takarda kuma ta nuna cewa yaron bai kai a ba shi magani ba. Ba ana cewa an yi wannan kuskure a Dareta ba ne. Misali ne na abin da baka biyu ke ɗauke da shi. Ma'aikaci mai lura zai ce, ai jinin da ya wuce 65 ɗazu ba zai koma 43 yanzu ba. Na'ura kuwa ba za ta ce uffan ba sai in an koya mata.

Mataki na farko: rubutu daban, adadi daban

Sa'ad da ma'aikaci ya danna 4 sa'an nan ya danna 0, shi a ransa arba'in ya rubuta, amma na'ura haruffa biyu ta karɓa, waɗanda ba su da bambanci a wurinta da "b" da "a". Tun 1963 aka fitar da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambar da za a ajiye shi da ita: harafin "0" lambarsa 48, harafin "4" lambarsa 52, alamar tarawa 43. Kafin arba'in ta samu, dole a ɗebe 48 daga lambar kowane harafi, a ninka na farkon sau goma, a tara da na biyun. Wannan ɗan aiki shi ne mayar da rubutu adadi, kuma wanda ya tsallake shi yakan ga abin mamaki. A harsunan tsara manhaja irin su Python da JavaScript, idan aka tara rubutun "12" da rubutun "5", abin da zai fito shi ne "125", domin alamar tarawa tsakanin rubutu biyu liƙa su take yi. Akasin haka ma yana faruwa, kuma duk akawun da ya taɓa shigar da lambobin wayar ma'aikata a Excel ya sha fama da shi: lambar da ta fara da 080 sai ta koma 80, saboda manhajar ta ɗauke ta adadi, sifilin farko kuwa ba shi da daraja a adadi.

Saboda haka shirin da zai warware jimla yakan fara da bin ta harafi bayan harafi, yana yanka ta gaɓa-gaɓa, kamar yadda mai koyon karatu ke raba kalmomi. Jimlar 40 × (1 + 3) gaɓa bakwai gare ta: 40, alamar ninkawa, bakan buɗewa, 1, alamar tarawa, 3, bakan rufewa. Tun daga nan ake fara yanke shawara. Alamar ɗebewa aiki biyu take yi: a 7 − 2 tana tsakanin lambobi biyu ne, a 7 × −2 kuwa tana nuna adadin da ke ƙasa da sifili, kuma sai an duba abin da ya gabace ta ake gane wanne ake nufi. Waƙafi ma haka yake. Akawun Gusau idan ya rubuta 1,500, dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi, amma takwaransa na Maraɗi, wanda ya yi karatu da Faransanci, ɗaya da rabi zai karanta, domin a tsarin Faransa waƙafi ne ke yin aikin da ɗigo ke yi a tsarin Ingila. Rubutun ɗaya ne, amma tsakanin ma'anoninsa biyu akwai ninki dubu.

Mataki na biyu: wa ke gaba da wa

Bahaushe bai jira boko ba kafin ya san cewa ninkawa tana gaba da tarawa, domin ƙa'idar tana cikin ƙidayarsa. Wanda ya ce "ɗari uku da hamsin" ya ninka ɗari sau uku tukuna, sa'an nan ya ƙara hamsin. Babu mai jin haka ya ɗauka ɗari sau hamsin da uku ake nufi. Wanda ya ce "ashirin babu biyu" ɗebewa ya yi, ya sami 18. Duk da haka harshen yana da nasa wurin ruɗu. "Dubu ɗari da hamsin" tana iya zama 150,000, tana kuma iya zama 100,050, shi ya sa ɗan kasuwar da ba ya son rigima yakan ce "dubu ɗari da dubu hamsin". Maimaita kalmar dubu da ya yi ta kawar da ruɗun da baka biyu ke kawarwa a rubuce.

Malaman da suka kafa wannan fanni da kalmomi suka yi lissafinsu. Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, bai yi amfani da alama ko ɗaya ba, kuma daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran kowace hanya ta warware matsala mataki-mataki. Haka kuma Muhammadu al-Katsinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin cike gidajen hatimi da lambobi a 1732, ƙa'idoji waɗanda duk wanda ya bi su daki-daki zai isa ga amsa ko da bai san dalilinsu ba, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake nema daga na'ura. Alamomin da aka saba da su yanzu baƙi ne na baya-bayan nan: + da − sun fara fitowa a bugaggen littafi a Jamus a 1489, alamar = a Ingila a 1557, × a 1631, ÷ a 1659. Da alamomi suka yawaita sai aka bukaci yarjejeniya a kan wadda za a fara aiki da ita. Yarjejeniyar ita ce: abin da ke cikin baka tukuna, sa'an nan ninka adadi da kansa, sa'an nan ninkawa da rabawa, daga ƙarshe tarawa da ɗebewa. Idan tarawa da ɗebewa, ko ninkawa da rabawa, suka haɗu a jere, sai a fara daga hagu, shi ya sa 20 − 5 − 3 take zama 12, ba 18 ba.

Abin lura shi ne, wannan yarjejeniya ce ta mutane, kuma ba kowace na'ura ce ta sa hannu a kanta ba. Ƙaramin kalkuletan ɗan tireda, idan aka danna masa 2 + 3 × 4, 20 zai bayar, na ɗaliban kimiyya kuwa 14. Idan aka rubuta −2 da alamar ninka adadi da kansa sau biyu, Excel 4 take bayarwa, Python kuwa −4. A harshen C, 7 a raba da 2 amsarta 3 ce idan lambobin cikakku ne, domin yakan zubar da rabin. A 2019 an yi ta cacar baki a intanet a kan 8 ÷ 2(2 + 2), waɗansu na cewa 16, waɗansu na cewa 1, kuma kalkuletocin kimiyya da kansu sun rabu a kanta. Manhajar ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, kuma ma'aikatan rigakafin shan-inna a Arewacin Nijeriya suka yi amfani da ita a wayoyinsu, tana karɓar lissafin fom a matsayin rubutu, amma a cikinta da kalmar div ake rubuta rabawa, domin alamar / tana da wani aiki dabam.

A koma Zamfara don ganin nauyin wannan bambanci. Maganin da aka ba yaran, DMSA, da nauyin yaro ake lissafa shi. A tsarin da aka saba, miligiram 10 ne a kowane kilo, sau uku a rana har kwana 5, sa'an nan sau biyu a rana har kwana 14. Mai kula da ɗakin magani da ke son sanin abin da zai ware wa yaro mai kilo 12 zai rubuta 12 × 10 × 3 × 5 + 12 × 10 × 2 × 14. Bisa ƙa'ida amsar ita ce 1,800 a tara da 3,360, watau miligiram 5,160. Na'urar da ke bi daga hagu zuwa dama ba tare da fifiko ba 507,360 za ta bayar, kusan ninki ɗari.

Dabarar tashar jirgin ƙasa

Tambayar da ta rage ita ce, ta yaya na'ura, wadda gaɓa ɗaya take gani a lokaci guda, za ta san cewa ta jinkirta wata alama har sai ta ga abin da ke gaba? Wannan tana cikin matsalolin da John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fuskanta kafin su fitar da harshen FORTRAN a 1957, wanda ma'anar sunansa ita ce fassara jimlolin lissafi. Tun 1924 wani masanin manɗiƙi ɗan ƙasar Polan, Jan Łukasiewicz, ya nuna cewa idan aka sa alama a gaban lambobinta maimakon tsakaninsu, ba a bukatar baka sam. A tsakiyar shekarun 1950 Charles Hamblin na Ostareliya ya juya tsarin, alama ta koma bayan lambobinta, ta yadda 1 + 3 za ta zama 1 3 +. A 1961 kuma Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya bayyana hanya mai sauƙi ta mayar da rubutun da aka saba zuwa wannan tsari, ya kuma sa mata sunan filin da ake jera taragun jirgin ƙasa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Zariya, inda layin da ya isa Ƙauran Namoda ta Gusau a 1929 ya rabu da na Kano, ya san layin gefe mai baki ɗaya, wanda taragon da ya shiga ƙarshe shi ke fara fita. A ɗauka kowace gaɓa tarago ce. Ƙa'idodin su ne: lamba takan wuce kai tsaye zuwa babban layi. Alama takan shiga layin gefe, amma kafin ta shiga, idan akwai wata alama a bakin layin wadda ta fi ta daraja ko suke daidai, sai a fitar da waccan zuwa babban layi tukuna. Bakan buɗewa yakan shiga layin gefe ya zama shinge. Bakan rufewa idan ya zo, sai a fitar da duk alamomin da ke gaban shingen, a yar da baka biyun. Idan jimla ta ƙare, a kwashe abin da ya rage a layin gefe.

A gwada da 40 × (1 + 3). Lamba 40 ta wuce. Alamar ninkawa ta shiga gefe, bakan buɗewa ya bi ta. Lamba 1 ta wuce. Alamar tarawa ta zo, ta tarar da shinge a bakin layi, saboda haka ta shiga ba ta fitar da kowa ba. Lamba 3 ta wuce. Bakan rufewa ya fitar da alamar tarawa, aka yar da shinge, daga ƙarshe alamar ninkawa ta fito. Babban layi ya zama 40 1 3 + ×. Da babu bakan, da alamar tarawa ta tarar da ta ninkawa a bakin layi ta ba ta hanya, jerin ya zama 40 1 × 3 +.

Mataki na uku, watau fitar da amsa, shi ne mafi sauƙi. Ana jera lambobi ɗaya a kan ɗaya kamar ƙorai. Duk sa'ad da alama ta zo, a ɗauki biyu na sama, a yi musu aikinta, a mayar da sakamakon. An jera 40, 1, 3. Alamar tarawa ta ɗauki 1 da 3 ta mayar da 4. Alamar ninkawa ta ɗauki 40 da 4 ta mayar da 160. Ɗalibin da ya fahimci wannan yana iya rubuta shirin duka a shafi ɗaya ko biyu.

Mataki na huɗu: abin da ya kamata na'ura ta ƙi

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shirin da ya tsaya ya ce bai gane ba ya fi wanda ya ba da amsar ƙarya cikin natsuwa, domin na farkon yakan sa a gyara, na biyun kuwa yakan sa a sa hannu. Dabarar Dijkstra da kanta tana tona waɗansu kurakurai: idan jimla ta ƙare akwai bakan buɗewa a layin gefe, an manta da rufe shi ke nan; idan alama ta zo ba ta tarar da lambobi biyu ba, ko aka gama lamba fiye da ɗaya ta rage, jimlar gurguwa ce. Harafin O a madadin sifili, ko ƙaramin l a madadin 1, a matakin farko ya kamata a kama su. Rabawa da sifili ba ta da amsa, kuma wajibi ne a tanadar mata. A watan Satumba na 1997 wani jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Yorktown ya tsaya cik a teku, bayan an shigar da sifili a wani gurbi, kwamfuta ta raba da shi, kuskuren ya bi sauran na'urorin har injin ya daina aiki.

Kalmar nan "ya yi sama" ta na'urar gwajin jini ita ce misalin da ya fi kusa. A ɗauka an shigar da sakamakon yara biyar a Excel: 30, 40, 50, sa'an nan biyu masu wannan kalma. Idan aka tara su da alamar +, manhajar za ta nuna alamar kuskure, wannan kuwa alheri ne. Amma idan aka yi amfani da umarnin AVERAGE, wanda ke fitar da matsakaici, zai tsallake gurbin da ke da rubutu shiru, ya ba da 40. Gaskiyar matsakaicin kuwa ya haura 50, tun da kowane ɗaya daga cikin biyun ya wuce 65. Yaran da suka fi kowa shiga haɗari su ne suka ɓace daga rahoto, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Gurbin da aka bari babu komai ma haka: Excel takan ɗauke shi sifili idan aka yi tarawa da shi, alhali yaron da ba a auna ba daban yake da yaron da babu dalma a jininsa.

Bayan ingancin rubutu akwai ingancin ma'ana. Mai tsara shiri shi zai tambayi likita ko akanta iyakokin abin da zai yiwu, ya rubuta su: jinin da aka gauraya saboda ya wuce 65 ba ya komawa 43, ɗan shekara uku ba ya kai kilo 120, albashi ba ya zama ƙasa da sifili. A lissafin kuɗi akwai ƙarin tarko. Kwamfuta da tsarin sifili da ɗaya take ajiye adadi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa cif a wannan tsari, don haka a yawancin harsuna 0.1 + 0.2 takan ba da 0.30000000000000004. Saboda haka gwanayen aikin sukan ajiye kuɗi da kwabo, cikakkun lambobi, sai wajen bugawa su mayar da shi naira.

Gajeriyar hanya mai haɗari

Ɗalibi mai wayo zai ce, me ya kawo wannan wahala alhali Python da JavaScript suna da umarnin eval, wanda ake miƙa wa rubutu ya dawo da amsa a layi ɗaya? Umarnin daɗaɗɗe ne, daga harshen LISP ya samo asali, wanda John McCarthy ya bayyana a 1960. Aibinsa shi ne bai tsaya ga lissafi ba: duk abin da harshen ke iya yi, eval zai yi shi, har da share fayiloli da aika bayanan ofis zuwa waje. Wanda ya sa shi a bayan gurbin da kowa ke iya rubutu a ciki, kamar mai gadi ne da ya miƙa mabuɗan gida ga duk wanda ya yi sallama. Duniya ta ga irin wannan a watan Disamba na 2021, sa'ad da aka gano cewa wata manhaja mai suna Log4j, wadda aikinta ajiye bayanin abin da ke gudana ne kawai, tana ɗaukar wani nau'in rubutu da baƙo ya turo a matsayin umarni, lamarin da ya sa kamfanoni da gwamnatoci gyaran gaggawa. Shirin da mutum ya rubuta da dabarar layin gefe kuwa lambobi da alamomin lissafi kaɗai ya sani, kuma wannan ƙarancin sani shi ne tsaronsa.

Kammalawa

Ga ɗalibai, shawarar ita ce kowa ya zauna ya rubuta wannan shiri da hannunsa ko da sau ɗaya, domin shi ne ƙofar fahimtar yadda ake fassara harsunan kwamfuta baki ɗaya. Idan ya gama, kada ya gwada shi da jimlolin da ya san za su yi daidai kaɗai. Ya ba shi bakan da ba a rufe ba, da sifili a wurin rabawa, da waƙafin Maraɗi, da kalma a gurbin lamba, ya ga abin da zai yi. Akwai kuma aikin da ke jiran mai himma: shirin da zai karanta ƙidayar Hausa da kalmomi, ya mayar da "ɗari uku da hamsin" 350, ya kuma tsaya ya yi tambaya idan aka ce masa "dubu ɗari da hamsin".

Ga ma'aikatan hukuma, waɗanda akasarinsu ba za su rubuta shiri ba amma kullum suna sa hannu a kan abin da shiri ya fitar, abubuwa huɗu sun wadatar. A sa baka a duk inda ake shakka, domin ba ya cin kuɗi. A gwada kowane sabon fom ko jadawali da lissafi biyu ko uku waɗanda aka riga aka yi da alƙalami. A ƙidaya layukan da suka shiga lissafi a gwama da waɗanda aka shigar, don a san ko an tsallake waɗansu. Kada kuma a rufe alamar kuskure ta hanyar zuba sifili a gurbinta, sai an san abin da ya kawo ta. A Dareta a 2010, abin da ya ceci yaran da suka rayu ya haɗa da mutanen da suka ƙi yarda cewa kalmar "ya yi sama" amsa ce, suka nemi ainihin lambar. Na'ura ba ta da wannan hali da kanta. Wanda ya tsara ta da wanda ke aiki da ita su ne za su sa mata shi.